Daga Bagwariya Zuwa Boɗaɗo: Maganar Asali Da Launin Fata A Littattafan Soyayyar Matasanmu



A taronmu na watan jiya, bayan an gama maganar kuɗin magudanar ruwa da na masu gadi, wata uwa daga cikinmu ta miƙe ta kawo kuka. Ta ce 'yarta ba ta barci, kullum dare tana ƙudundune cikin bargo da waya tana karanta littafin soyayya, har idonta ya fara ciwo. Nan take wani dattijo ya ce ai maganin abin a ƙwace wayar, in kuma takarda ce a ƙyasta mata ashana. Sai wata malamar makaranta ta tambaya, shin akwai wanda ya san abin da ke cikin littafin? Uwar ta ce ta sa ƙanwar yarinyar ta ba ta labarin. Wai wani saurayi ne mai ilimi da sana'a ya nemi wata budurwa, an kai gaisuwa, an sa rana, sai wata gwaggo ta tono cewa kakan kakansa bawa ne a gidan sarauta, aka mayar masa da kayansa. Da ta faɗi haka sai zauren ya yi tsit, domin kowa ya san ba a yi wata uku ba da aka fasa wani aure a nan kusa da mu a kan magana irin wannan. Ba za mu kama suna ba, muna kuma roƙon kowa ya kama bakinsa. Shugaba ya ce sakatare ya je ya duba tarihin abin ya rubuto. Ga abin da muka samo.

Tun kafin a buga littafi ko ɗaya da boko, labarin da muke ba yaranmu na asalin Hausawa labarin aure ne da asali. Bayajida ya zo Daura, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Sarauniya ta ba shi kuyanga, wadda labarin ke kira Bagwariya, ita ce kuma ta fara haifa masa ɗa, Karɓagari. Daga baya Daurama ta haifi Bawo. Zuriyar Bawo aka ce su ne Hausa Bakwai, zuriyar ɗan kuyanga kuwa aka ce Banza Bakwai, aka lissafa Gwari da Nupe da Yawuri da Kabi da Zamfara a cikinsu. Malaman tarihi sun daɗe suna cewa wannan hikaya ce ta bayanin sarauta, kada a ɗauke ta kamar rajistar haihuwa. Mun yarda. Amma a duba abin da take koya wa yaro ɗan shekara bakwai: uba ɗaya, uwa biyu, ɗan wannan ɗan halas na gari, ɗan waccan "banza". Kuma uwar da aka ƙasƙantar ɗin sunanta sunan maƙwabtanmu ne, mutanen da muka zo muka tarar a wannan ƙasa.

Mu mutanen Suleja ya kamata mu fi kowa jin wannan magana a jikinmu, domin garinmu gudun hijira ne ya kafa shi. Bayan jihadin da ya fara a 1804, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya rasa Zariya, ya yo kudu da jama'arsa har Zuba, cikin ƙasar Koro da Gbagyi. Ya rasu a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja, shi ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. Wato Abuja, sunan da yau duniya ta sani, laƙabi ne na launin fata: Abu mai jan jiki. Da gwamnatin Murtala Muhammed ta yi dokar sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu 1976, sabon birnin ya ɗauki sunan, mu kuma aka laƙaba wa garinmu sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979.

Kakanninmu su ne waɗanda masu mulkin Zariya na bayan jihadi ke kira Haɓe, kalmar da ba ta yabo ba ce a bakin mai faɗarta. Sun san ɗacin a raina mutum don asalinsa. Amma da suka zauna suka yi ƙarfi, su ma sun juya sun yi wa na ƙasa da su. Sarki Ibrahim, wanda ya yi mulki daga 1877 har zuwan Turawa a 1902, laƙabinsa Dodon Gwari, kuma ba don wasa aka sa masa ba. Har gobe in mutum bai iya magana ba sai mu ce yana gwaranci, in bai waye ba mu ce bagware ne, alhali su masu sunan sun fi son a kira su Gbagyi. A gefe guda kuma, wace ce macen da ta fitar da sunan garin nan a duniya? Ladi Kwali, 'yar Gbagyi, wadda ta shiga makarantar tukwane da Michael Cardew ya buɗe a nan garin, a 1954, hotonta kuma yana jikin takardar naira 20. Muna alfahari da ita a baki. Tambayar da za mu yi wa kanmu ita ce, da jikarta za ta musulunta, ko ma a ce Musulma ce tun asali, ɗanmu ya ce ita yake so, gwaggonninsa za su yi guɗa ko za su yi tsaki?

Sai maganar bauta, wadda ita ce tushen labarin da yarinyar nan ke karantawa. Dokar Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, ba bawa ba. Ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A lissafa: wanda aka haifa a 1936 yau bai cika shekara 100 ba. Ke nan abin bai yi nisan da muke zato ba, shi ya sa kalmomin suke nan da ransu a bakin tsofaffi, bacucane, dimajo, ƙwarƙwara, ɗan baiwa. Ga kuma tsanin sana'a da aka gada, inda ake jin nauyin ba mahauci ko maroƙi ko wanzami 'ya, ko da yau shi likita ne. Duk waɗannan ba a rubuta su a wata doka ba. A ɗakin tsohuwa suke, ranar da aka ce a je a yi "binciken asali".

To yaya littattafai suka yi da wannan kaya? A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, daga cikinta aka samu littattafai biyar da duk wanda ya yi firamare a zamaninmu ya san su. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda haifaffen Kagara ne a wannan jiha tamu, yawon duniya ne da barkwanci. Biyu daga cikin biyar ɗin ne suka shafi maganarmu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fuskanci bauta ido da ido: yaro an sace shi, ya faɗa hannun Balarabe, an ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta ƙare a cikin bauta. Amma babu soyayyar saurayi da budurwa a ciki, soyayyar uwa da ɗa ce. Jiki Magayi kuwa, na John Tafida Wusasa tare da East, shi ne ya kawo saurayi da budurwa, Abubakar da Zainab, sai mai kuɗi Malam Shehu ya shiga tsakani ya aure ta, labarin ya koma na ramuwar gayya. A lura da yadda aka raba kayan tun daga farko. Littafi ɗaya ya ɗauki bauta ya bar aure, ɗaya ya ɗauki aure ya ɗora laifin a kan dukiya. Wannan rabo ya daɗe yana bin adabinmu.

Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 sun fara cin karo da haɗuwar abubuwan biyu ne a littattafan Turanci. Cyprian Ekwensi, Ibo ne amma a Minna aka haife shi a 1921, ya rubuta Burning Grass a 1962, labarin gidan wani Bafulatani makiyayi da ya fanshi wata baiwa mai suna Fatimeh da shanunsa, sai son ta ya raba kan 'ya'yansa. Chinua Achebe a No Longer at Ease na 1960 ya kawo Obi da Clara, waɗanda iyaye suka hana su aure saboda ita osu ce, wato zuriyar da Ibo ke ƙyamar aura. Mun karanta, mun yi jarrabawa a kai, muka riƙa cewa kai, Ibo da tsauri suke. Ba mu waiwayi ɗakin kakarmu ba. A lokacin ne kuma jerin littattafan Pacesetters na kamfanin Macmillan suka cika makarantun kwana, daga 1977, har da The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗan Kano. Su ne suka koya wa ɗalibai da yawa cewa ana iya rubuta labarin matashi irinsu, a garin da suka sani.

Littafin da muke ganin shi ne uwa a wannan fage da Hausa shi ne So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed. An haife ta a Kano a 1952. Ta shiga gasar kamfanin NNPC na Zariya, littafinta ya fito a 1980 tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, kuma ita ake lissafawa mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Tauraruwar labarin Boɗaɗo ce, 'yar Fulani, wadda ta kafe a kan Yasir duk da dangi ba su so ba. Marubuciyar ta bayyana cewa abin da ya faru da yayarta, wadda ta auri Balarabe, shi ya zaburar da ita. Wato littafin soyayya na farko da mace ta rubuta mana, a kan auren bare aka gina shi.

Abin da ya sa muka tsaya a kansa shi ne, ya karya abu biyu lokaci guda. A tarbiyyar Fulani, da ta Hausawa ma, budurwa ba ta buɗe baki ta ce ga wanda take so, balle ta yi jayayya da manya a kai. Boɗaɗo ta yi. Na biyu kuma, littafin bai ɓoye cewa akwai "mu" da "su" a cikin maganar aure ba, har Fulatanci marubuciyar ta riƙa sakawa a bakin mutanenta don mai karatu ya ji daga wane gida ake magana. 'Yan mata da yawa da suka zama marubuta daga baya a kan wannan littafi suka buɗe ido. Wani abin lura, a nan saurayin ba baƙi ba ne, ba kuma bawa ba ne. Ko farin bare ma sai da aka yi gardama. Ina ga wanda ake ganin yana ƙasa?

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko. Kafin a ce kwabo Kano ta cika da ƙananan littattafai masu hoton zane a bango, kashi na ɗaya, na biyu, na uku, dillalai suna kai su har Yamai da Maraɗi da Kumasi. Nan Suleja ma masu shekara 40 zuwa 50 za su tuna masu ba da haya a bakin kasuwa da tasha, ka biya 'yan kuɗi kaɗan ka kai gida kwana biyu, littafi ɗaya ya zaga gida biyar kafin ya dawo bangonsa ya yage. Wanda ya fi tashe shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991: Sumayya 'yar masu kuɗi tana son Muhammad talaka, gida ya ce sai Abdulƙadir mai dukiya, har ta kai ta faɗa rijiya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Murtalan nan da ya ɗauke mana suna, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, inda abin da ya tsaya tsakanin yarinya da wanda aka yi mata alkawari shi ne rashin boko, aka kuma tura ta gidan tsoho. Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa da sauransu, inda mata ke karatu su zama likitoci da lauyoyi.

Mun dudduba waɗanda muka iya samu, muka kuma tambayi matanmu da suka haddace su. Abin da muka gani shi ne, katangar da ke raba masoya a mafi yawan littattafan wancan zamani kuɗi ce, ko auren dole, ko kishiya, ko makircin uwar miji. Asali yana leƙowa, amma sau da yawa marubuci sai ya buɗe wa kansa ƙofar baya. Yarinyar da ake wulaƙantawa a matsayin 'yar aiki, a kashi na uku sai a gano ashe 'yar sarki ce aka sace tana jaririya. Saurayin da aka ce ba shi da asali, sai ga mahaifinsa ya bayyana, attajiri ne a Saudiyya. Kowa ya yi murna, a ɗaura aure. A ganinmu wannan kauce wa tambayar ne. Labarin bai ce kuskure ne a ƙi mutum don asalinsa ba, cewa ya yi an yi kuskuren gane asalin. Gwaggo ta ci nasara ke nan ko da ta sha kunya, domin ma'auninta aka yi amfani da shi har ƙarshe.

Ba ma ganin laifin marubutan ƙwarai. Mai kuɗin banza kowa yana iya zaginsa a littafi, babu wanda zai ce da shi ake. Amma ka rubuta cewa gidan sarauta kaza ko zuriyar malamai kaza sun hana 'yarsu ɗan mahauta, ka taɓo mutanen da za ka haɗu da su a masallaci da wurin ɗaurin aure. Kuma mai saye ma, ita kanta tana da gwaggo.

Inda abin ya fi ba mu kunya shi ne wajen siffanta kyau. Duk wanda ya karanta littafi goma ya san yadda ake shigo da tauraruwa: fara ce sol, doguwa, hanci har baka, gashi ya sauka gadon baya, in ka gan ta sai ka rantse Balarabiya ce ko 'yar Indiya, sau da yawa a ƙara da cewa uwarta Bafulatana ce ko Shuwa ko Buzuwa. Baƙar mace kuwa, in ta fito, ko dai muguwar kishiya ce, ko mai aiki, ko ƙawar da ake dariya da ita. In marubuci ya so ya yi mata adalci sai ya ce baƙa ce "amma" kyakkyawa. Wannan "amma" ɗin ita ce wariyar launin fatarmu. Finafinan Indiya da aka shekara da shekaru ana kallo a silima da bidiyo sun ƙara wa abin gishiri, domin can ma farar fata ake sa wa a gaba, amma ba su suka kawo shi ba, sun tarar da shi. Yarinya baƙa 'yar shekara 15 da ta karanta littafi 50, ba ta ga mai kama da ita an so ta ko sau ɗaya ba, kada mu yi mamaki in mun ga man bilicin a jakarta. Wannan ya fi damunmu a kan rashin barcin da uwar nan ta kawo kuka a kai.

An yi ta fafatawa a kan littattafan nan tun suna sababbi. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa sunan "Adabin Kasuwar Kano", ya soke su da rashin inganci, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka kare su a jaridu cikin shekarun 1990, suna cewa ko ba komai sun sa dubban mata karatu da rubutu da harshensu. A 2001 Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka ƙone su a bainar jama'a. Muna tunatar da dattijonmu mai maganar ashana cewa an riga an gwada. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: littattafan sun bar takarda sun koma waya, inda babu mai tacewa, babu ma mai ganin bangon. Sannan duk zafin muhawarar nan a kan tarbiyya da batsa da kwaikwayon Indiya aka yi shi. Maganar wa ake nunawa a matsayin kyakkyawa, wa ake nunawa a matsayin wanda bai isa aure ba, ba ta samu rabin wannan kulawa ba.

A wasu ƙasashe abin da doka aka yi shi, shi ya sa adabinsu ya fi namu fitowa fili. Afirka ta Kudu ta haramta aure tsakanin farare da sauran jinsi a 1949, ba a soke dokar ba sai 1985. Seretse Khama, magajin sarautar Bangwato, ya auri Baturiya Ruth Williams a Landan a 1948, Ingila ta hana shi komawa ƙasarsa shekaru, daga baya ya zama shugaban Botswana na farko a 1966. A Amurka sai 1967 kotun ƙoli ta rushe dokokin hana irin wannan aure, a shari'ar Richard da Mildred Loving. A 2001 wata marubuciya baƙar fata 'yar Ingila, Malorie Blackman, ta fitar da littafin matasa mai suna Noughts & Crosses, ta yi wata dabara: ta kifar da duniya, baƙaƙe su ne masu mulki da dukiya, farare su ne tsofaffin bayi. Sephy 'yar babban ɗan siyasa ce baƙa, Callum fari ne ɗan mai aikin gidansu. Ba ta buɗe musu ƙofar baya ba, ba a gano Callum ɗan sarki ba ne, labarin kuma bai ƙare da biki ba. Ana karanta shi a makarantun Ingila, BBC ta mayar da shi fim a 2020. Mun kawo shi ne don dabarar. A ce wani ɗanmu ya rubuta labarin da Gbagyi ne ke sarautar garin nan, Bahaushe ne ake cewa ba a san asalinsa ba, ɗan gudun hijira daga Zariya, ya zo neman 'yarsu. In an duba 1828, ba ma sai an ƙirƙira da yawa ba.

Wani zai ce ai addini ne ya ce a duba kufu'i. Mun tambayi malamanmu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka fi dubawa a dacewar miji shi ne addininsa da halinsa da kuɓutarsa daga aibin da ke hana zaman aure, ba ƙabila ko sana'ar kaka ba. Tarihin farkon Musulunci ma ya nuna haka. Zaidu ɗan Harisa 'yantaccen bawa ne, Manzon Allah (SAW) ya aura masa Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa. Ɗansa Usama, wanda baƙi ne, ya auri Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, bisa shawarar Manzo. Aya ta 13 a Suratul Hujurati kowa ya san abin da ta ce game da dalilin yin ƙabilu da kuma wanda ya fi daraja. Larabawan jahiliyya kuwa suna da labarin Antar ɗan Shaddad, jarumi mawaƙi ɗan baiwa Bahabashiya, wanda baffansa ya yi ta ja masa rai a kan Abla saboda launinsa da uwarsa. Sai mu duba da kyau, gwaggon cikin littafin nan, da ta unguwarmu, a wane ɓangaren take tsaye cikin waɗannan labarai biyu. Ba muna cewa a daina bincike kafin aure ba. A binciki hali, sana'a, lafiya, a yi gwajin jini, a san ko yana salla, a san yadda gidansu ke riƙe mace. Wannan daban, tono kabarin wanda ya mutu kafin zuwan Lugga daban.

Yau littattafan suna fitowa ne a WhatsApp da Wattpad da Facebook, shafi-shafi kullum dare, wasu kyauta wasu sai an tura kuɗi. Akwai shara a ciki, akwai batsar da ba za mu so 'ya'yanmu su gani ba, wannan gaskiya ne, kuma uwa tana da haƙƙin sanin abin da ke wayar 'yarta. Amma a cikinsu ne kuma muka ga 'yan mata marubuta suna taɓo abin da na da suka kewaye: Bahaushiya da Bayerabe, ɗan sarauta da 'yar mahauta, wanda ya musulunta aka karɓe shi a sahu aka ƙi shi a suruki, baƙar yarinyar da ba ta yi fari ba har ƙarshen labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata, ita ma ta fito da gajerun labarai masu faɗar abin da ake ɓoyewa. A gari irin namu, inda tun da aka fara ginin Abuja kowace ƙabila ta Najeriya ta samu ɗaki, inda yaranmu ke zama aji ɗaya da Gbagyi da Koro da Nupe da Ibo da Yarabawa da Igbira, waɗannan labarai ba na nesa ba ne. Littafin da yarinyar nan ke karantawa cikin bargo, an ce mana, bai ƙare da gano cewa saurayin jikan sarki ba ne. Jikan bawa ne, haka ya tsaya, kuma yarinyar cikin labarin ta ce ta ji ta gani.

Da muka kai wa shugaba wannan bayani, kwamiti ya yanke abu biyu. Na farko, za mu tara tsofaffin littattafan nan a ofishin ƙungiya don matasa su riƙa ara. Mun samu Jiki Magayi da Shaihu Umar da kashi na ɗaya na In Da So Da Ƙauna. So Aljannar Duniya ne ya gagara, duk wadda take da shi a ƙasan akwati ta taimaka ta aiko, za a yi hoto a mayar mata. Na biyu, a taro mai zuwa an roƙi dattawanmu maza da mata kowa ya faɗa wa matasa, da bakinsa, ko akwai Gbagyi ko Koro ko Nupe ko wanda aka fansa a cikin kakanninsa. Zuwa daren jiya mutum uku sun ce za su yi magana. Biyu sun aiko cewa a bar kaza cikin gashinta, ɗaya kuma ya ce sai ya tambayi yayarsa tukuna.